Takin Supa: Gishirin da Gyaɗa Ke So

Manomin gyaɗa ya san takin supa, mai launin toka da ƙananan ƙwayoyi. Abin da ke aiki a cikinsa wani gishiri ne da masana ke kira monokalsiyam fosfet. Ba gishirin miya ba ne. A wurin masana, duk abin da ya samu daga haɗuwar asid da sinadari irin kalsiyam, gishiri ne.

Asalinsa dutse ne. Ana haƙo dutsen fosfet a ƙasashe da dama, kuma Maroko ce ta fi kowa yawansa. Akwai shi a yankin Tawa a Nijar da kuma jihar Sakkwato. Sai dai dutsen ba ya narkewa a ruwa, shuka kuwa ba ta shan abin da bai narke ba. A 1842 wani Bature ɗan Ingila, John Bennet Lawes, ya yi rajistar dabarar jiƙa fosfet da asid irin na ruwan batirin mota. Idan an niƙa dutsen aka zuba masa asid ɗin, sai a samu gishiri mai narkewa tare da jibsin. Wannan haɗin shi ne supa.

Fosfaras ɗin cikinsa yana ƙarfafa saiwa. Kalsiyam na taimaka wa gyaɗa ta cika kwansonta, kada a tone a tarar da holoƙo. Akwai kuma sinadarin farar wuta, wanda wake da waken suya ke bukata.

Wajen zuba supa ne manoma da yawa ke asara. Fosfaras ba ya tafiya a cikin ƙasa. Inda aka ajiye shi, nan yake zama. Wanda ya watsa supa a sama bayan shuka ta girma ya ɓarnatar da kuɗinsa. A zuba shi lokacin huɗa ko ranar shuka, a binne a gefen iri, ba a kansa ba. Idan ganyen ƙaramar masara ya yi shunayya, sau da yawa fosfaras ne ya yi ƙaranci.

Gishirin nan yana cikin madafa ma. Ana sa shi a wasu nau'o'in bekin foda. Da zarar ya jiƙe, sai ya haɗu da sodar da ke cikin hodar, iska ta fito, kek ya kumbura. Na abinci an tace shi sosai. Na buhun taki kuwa yana da dattin dutse mai cutarwa, don haka a ajiye shi nesa da hatsi da yara, a wuri busasshe.