SAƘA BARGON JARIRI DA KWARASHI KAFIN HUNTURU

 Idan lissafin da aka yi miki wajen awo ya nuna haihuwarki za ta faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, to wannan darasi naki ne. Duk wanda ya taɓa kwana a Maradun, ko a ƙauyukan Bakura da Talata Mafara da ke bakin hanyoyin ruwan madatsar Bakolori, ya san irin sanyin asubar hunturu a wurin. Babba ma yana jin jiki, balle jariri.

Jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar ke. Fatarsa ba kauri, kitsensa kaɗan ne, kansa kuma babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, zafi na fita ta nan da sauri. Ɗumin da ake so shi ne digiri 36.5 zuwa 37.5. Da zarar ya sauka ƙasa da 36.5 sanyi ya kama shi, ko da ba ki ga yana rawar ɗari ba, domin jarirai ba su cika yin ta ba. Bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba sun fi shiga haɗari.

Ki nemi kwarashi mai kaurin milimita 4, da zare kala biyu kimanin giram 400 zuwa 500, da almakashi, da babbar allura, da tef ɗin awo irin na tela. Ki sayi zaren gaba ɗaya, don idan ya yanke kika koma kasuwa wata Talatar, da wuya ki dace da kalar sak. Na fi son zaren auduga mai laushi. Yawancin ulun da ke kasuwa na roba ne. Yana da araha da ɗumi, amma idan tartsatsin wuta ya taɓa shi narkewa yake yi ya manne wa fata. Kowanne za ki saya, ki goga shi a wuyanki tukuna. Idan ya soke ki ko yana zubar da gashi, ki bar shi.

Fara da sarƙa: ki yi ƙulli a kan kwarashi, ki naɗo zare ki jawo ta cikin madaukin, ki yi ta maimaitawa har tsawonta ya kai santimita 75. Kada ki matse ta. Sai ki tsallake idon farko, ki soka kwarashi a na biyu, ki jawo zare, madaukai biyu ke nan a kan kwarashi. Ki sake naɗo zare ki jawo ta cikin biyun gaba ɗaya. Wannan ita ce saƙar bargon tun daga farko har ƙarshe. Idan kin kai ƙarshen layi, ki yi sarƙa ɗaya, ki juya, ki dawo. Na san akwai saƙa mai manyan ramuka wadda ta fi kyan gani ta kuma fi sauri, amma iska na ratsa ta, yatsun yaro kuma na maƙalewa a ciki.

Ki ƙirga idanun layin farko ki rubuta, ki riƙa sake ƙirgawa lokaci-lokaci. Masu koyo sukan manta idon ƙarshe, sai bargo ya yi ta tsukewa.

Ratsi kuwa ba wuya, irin na lurun da masaƙanmu ke yi ne. Bayan layi takwas ko goma, idan kin zo jan ƙarshe na layin, ki jawo da sabuwar kala maimakon tsohuwar. Ki yanke tsohuwar ki bar jela kamar tsawon yatsa biyu. Ki ci gaba har bargon ya kai santimita 90.

A kan jelar nan nake so ki natsu. An taɓa kawo mini jaririya 'yar kwana tara tana tsala kuka ba dare ba rana, har an yi ta ba ta jiƙe-jiƙe ana zaton ciwon ciki ne. Da na kwance ta sai na tarar da silin zare ya naɗe mata yatsan ƙafa, ya kumbura har zaren ya nutse. Allah Ya sa an zo da wuri. Don haka kowace jela ki zura ta a allura, ki cusa ta cikin saƙar gaba da baya, sannan ki datse. Kada ki sa geza, ko tuntu, ko duwatsun ado, komai kyansu ranar suna.

Ki sani kuma bargo ba ya haifar da ɗumi, tsare wanda ke akwai kawai yake yi. Jaririn da ya riga ya yi sanyi, ko kin naɗe shi a barguna uku ba zai ɗumama da wuri ba. Ki ɗora shi a ƙirjinki fata da fata, da hula da safa, sannan ki rufa bargon a bayansa. Wannan dabara da ake kira renon kangaru an fara ta ne a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a ƙarshen shekarun 1970, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara yi wa bakwaini ita nan take bayan haihuwa. Maigida ko kaka ma za su iya karɓar ki. Hukumar ta kuma ce a jinkirta wankan farko har awa 24; a goge shi kawai ya bushe.

Wajen barci ki kwantar da shi rigingine. Bargon kada ya wuce ƙirjinsa, ki cusa gefunansa ƙarƙashin katifa, kuma kada a taɓa rufe masa fuska, ko don ƙura ko don baƙi. Likitocin yara a Amurka ma cewa suka yi a kawar da sakakken bargo daga makwancin yaro har ya shekara, a ƙara masa tufafi maimakon haka. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki shi ma a fitar da shi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Ki riƙa taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa da bayan hannunki. Ciki da ɗumi ƙafa da sanyi, ki ƙara rufi ki ba shi nono. Gumi a ƙeya, ki rage. Idan duka biyun sun yi sanyi, ko ya ƙi kama nono, ko kukansa ya raunana, ki ɗaure shi a ƙirji ku tafi asibiti mafi kusa, domin sanyin jiki kan zama alamar ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa.

Layi biyar ko shida a rana ya isa, ki riƙa tashi kina taka ƙafa saboda kumburi. Idan kin fara a wata na shida za ki gama kafin na tara, in sha Allahu. Ki wanke shi da sabulu mara ƙamshi, ki shanya a shimfiɗe don kada ya miƙe, sannan ki sa shi cikin jakar kayan haihuwa tare da hula biyu da katin awonki.