Ciwon Damuwa Bayan Haihuwa: Jan Kunne Ga Magidanta

Jama'a, abin da ya sa muka rubuta wannan takarda shi ne yadda ake kai masu jego asibiti a makare, bayan ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu.

Kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa, mata da yawa kan yi ta kuka ba dalili. Sauyin jiki ne da rashin barci, kuma yakan wuce kafin mako biyu. In ya zarce haka, to mai yiwuwa ya zama ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 20 cikin 100 kan gamu da irin wannan lalura bayan sun haihu.

Ku lura da mai jego. An kawo mata kunu da gasasshen nama, ta ture kwano. Jariri ya yi barci, ita idonta biyu har asuba. Yana tsala kuka a gefenta, ta zuba wa bango ido. Ciwon nan tamkar gara yake a cikin azara. Daga waje ɗaki lafiya lau, an yi yaɓe, an shafa farar ƙasa, baƙi suna yabawa, alhali gara tana cin itace a ɓoye dare da rana, sai ruwan farko na damina ya sauka rufi ya rufta. Haka ake cin suna, a yi kiɗa, a raba goro, mai jego ta sha ado, ba wanda ya san halin da take ciki.

To, kai maigida, ina hankalinka? Ka yanka rago, ka ɗauka ka gama sauke nauyi? Ke kuma Iya, ki daina cewa "shagwaɓa ce" ko "kunyar ɗan fari ce." Wasu ma sai su ce iska ce, a yi ta turare wata da watanni. Addu'a wajibi ce, amma addininmu ya umurce mu da neman magani, kuma mace amana ce da Allah zai tambaye ku a kanta.

In ta fara cewa gara ta mutu ta huta, ko tana jin muryoyi, ko tana surutai marasa kan gado, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. A kai ta asibiti ran nan, ba gobe ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Ana warkewa, da magani da shawarar likita.

Sauran kuwa kun sani: a rage kanwa a kunu, a sassauta zafin ruwan wanka, nono zalla wata shida, a kai yaro rigakafi, a karɓar mata goyo ta samu barci.

Wanda ya ga alamun nan ya yi shiru, in wani abu ya faru, alhakin rai biyu yana wuyansa. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu jego lafiya.