Yadda Ake Gane Ingancin Bayanin Kayan Aikin da Ake Rubuta wa Ɗan Aiken AI

Darasinmu na yau na masu gina manhaja ne, musamman waɗanda suka fara haɗa ayyukansu da ƙirƙirarriyar basira.

Manhajoji irin su ChatGPT da Claude da Gemini sun wuce matakin hira kawai, yanzu ana aikensu su duba farashi, su tura saƙo, har su biya kuɗi. Shi ya sa muke kiransu ɗan aike. Kamfanin OpenAI ya fito da tsarin da ke ba manhaja damar kiran wasu kayan aiki a watan Yunin 2023, sai Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP a watan Nuwambar 2024, wadda manyan kamfanoni da dama suka runguma daga baya. A duka biyun abu ɗaya ne: ɗan aiken ba ya ganin lambobin da ka rubuta a cikin kayan aikin. Abin da yake gani shi ne suna, da bayanin da ka rubuta, da jerin guraben da zai cike. Da waɗannan kaɗai yake yanke shawara.

Mu ɗauka wani matashi ya gina kayan aikin da ke kawo farashin hatsi domin manoman Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana. Ya sa masa suna "farashi", bayanin kuma layi ɗaya: "Yana kawo farashin kaya." Manomi ya tambaya nawa ake sayar da gero, kayan aikin ya dawo da lamba tsirara. Ta tiya ce ko ta buhu? Naira ce ko sefa, tunda ɗan kasuwar Jibiya yana hulɗa da Maraɗi? Farashin jiya ne ko na watan da ya wuce? Ɗan aiken ba zai ce ya ruɗe ba, zato zai yi, ya faɗi amsa da cikakken ƙarfin gwiwa. Wanda ya saki buhu goma a kan wannan zato shi zai ɗauki asarar.

Gwajin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Ka miƙa bayanin ga wanda bai taɓa ganin aikinka ba, ka ce ya gaya maka abin da kayan aikin yake yi, da lokacin da ya dace a kira shi, da lokacin da bai dace ba, da irin amsar da yake dawowa da ita. Duk inda ya tsaya yana tambayarka, to nan ne gibin yake. Takardun Anthropic na masu gina manhaja sun ba da shawarar jimla uku zuwa huɗu aƙalla ga kowane kayan aiki, kuma a ganina wannan ma farawa ce. Namu ya kamata ya ce yana kawo farashin gero da dawa da wake na kasuwa guda, a kan tiya, da naira, haɗe da ranar da aka ɗauko farashin, kuma ba ya hasashen farashin gobe.

Sai guraben cikewa, inda aka fi yin sakaci. Mutane na rubuta Dutsinma, Dutsin-Ma ko Dutsin Ma. Idan gurbin "kasuwa" a buɗe yake, ɗan aiken zai tura duk wanda ya zo masa, rumbun bayananka ya ce babu. Tsarin JSON Schema da ake bayyana guraben da shi yana ba ka damar kafa jerin sunayen da aka yarda da su kaɗai. Yi amfani da shi.

Abin da na fi so ka tsaya a kai shi ne yadda bayanin ke magana a kan rashin bayanai. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana, aka shafe watanni a haka. Kayan aikin da ke jiran wani ya turo farashi daga kasuwa zai ci gaba da miƙa tsohon farashi kamar sabo. Don haka duba ko bayanin ya faɗi abin da ke faruwa idan farashin ya tsufa, kuma ko saƙon kuskure yana da ma'ana. "Babu farashin Safana tun makonni uku" ya fi lambar kuskure da ba wanda ya san fassararta.

Daga nan sai gwaji na zahiri. Rubuta tambayoyi kamar talatin yadda mutane ke magana da gaske, ka cusa waɗanda bai kamata su taɓa kayan aikin ba, kamar tambaya kan maganin tsutsar wake. Maimaita kowace sau da yawa, domin amsar waɗannan manhajoji na sauyawa. Ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan aikin da ya dace, sau nawa ya cike gurabe daidai. Canja jimla ɗaya a bayanin, ka sake ƙirgawa. Idan bayanin da Turanci yake amma tambayoyin da Hausa za su zo, saka kalmomin tiya da buhu da mudu a ciki da ma'anarsu.

Idan kuma kayan aikin wani ka ɗauko daga intanet, karanta bayaninsa gaba ɗaya kafin ka haɗa. A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aikin MCP, ɗan aiken ya karanta ya bi, ya kwashi fayilolin mai kwamfuta ba tare da ya sani ba. Duk bayanin da ka ga yana umartar ɗan aiken ya buɗe wani fayil, ko ya ɓoye wa mai amfani wani abu, cire shi nan take.