Darasi: Hoton Da Ke Nuna Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa Ɗaya Bayan Ɗaya

Darasinmu na yau a kan hoton asibiti ne, wanda muke ce wa eksire. Duk wanda ya taɓa karaya ya san shi: ƙashi ya fito fari fat, nama kuwa sai duhu-duhu. To me ya sa?

Tun 1895, lokacin da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske, aikinsa a kan abu ɗaya yake: ƙashi yana tare hasken, nama kuma yana barinsa ya wuce. Ƙwaƙwalwa kuwa laushi gare ta, mafi yawanta ruwa ne da kitse, don haka hasken sai ya ratsa ta kusan bai bar alama ba. Ko babbar na'urar siti-sikan, abin da ya yi ƙasa da kamar rabin milimita ba ta rarrabe shi sosai. Ƙwayar halitta kuwa ta fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Shi ya sa tun da daɗewa, mai son ganin ƙwayoyin sai ya yayyanka naman siriri-siriri, ya rina shi, ya duba a madubin bincike. Amfaninsa babba ne, amma da hasara: kamar ka yayyanka albasa ne sannan ka ce za ka gane yadda take a dunƙule.

Sai masana suka lura da wata mas'ala. Hasken ba tare shi kaɗai ake yi ba, yana kuma ɗan karkacewa idan ya ratsa abu. Ɗora kofin gilashi da ruwa a rana, ka dubi inuwarsa. Ruwan garau yake, amma za ka ga zane na haske da duhu a ƙasa. Haka abin yake: idan aka ja na'urar ɗaukar hoton baya kaɗan, wannan karkacewar sai ta fito da iyakar kowace ƙwaya. Ana juya naman a hankali, a ɗauki hotuna masu yawa ta kowane gefe, kwamfuta ta harhaɗa su su zama siffa mai tsawo da faɗi da zurfi.

A 2018 masana a Jami'ar Gotingen ta Jamus suka yi haka da ɗan guntun ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda ke wajen ƙeya, mai kula da daidaiton tsayuwa da motsi. Suka gano mazaunin ƙwayoyin jijiya wajen miliyan 1.8, kowace a inda take. Ka kwatanta da ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, mai ɗauke da kusan biliyan 86, mafi yawansu ma a wannan ƙaramar suke. A birnin Girenobul na Faransa kuma akwai wata na'ura mai kewayen mita 844, inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sukutum, sannan a kutsa wurin da ake so har kusan matakin ƙwaya.

Fa'idar ita ce a kwatanta lafiyayyen nama da mai ciwo, a ga inda ƙwayoyi suka ragu ko suka sauya tsari, kamar a cutar mantuwa ta tsufa. Naman kuma yana nan, ana iya sake bincikensa.

Amma a kula fa. Wannan aikin ba a yin sa a kan mai rai. Hasken ya yi ƙarfi ƙwarai, kuma dole naman ya tsaya cak na tsawon lokaci, shi ya sa da naman da aka cire ko na mamaci ake yi. Don haka duk wanda ya zo maka da wata 'yar na'ura, ya ce ka ɗora hannu zai ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwarka, riƙe kuɗinka. Mai ciwon kai mai tsanani, ko farfaɗiya, ko shanyewar ɓarin jiki, asibiti za a kai shi, kuma da wuri.

Allah Ya ƙara mana lafiya da ilimi mai amfani.