Wasiƙar Bayan Gwanjo: Abin da Hoto Ba Ya Nunawa

A shekarar 1995 Pierre Omidyar ya buɗe kasuwar gwanjo ta intanet a Amurka, wadda daga baya aka sa wa suna eBay. Cikin kayan farko da ya sayar akwai wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, a kan dala 14.83. Sai ya aika wa mai sayen wasiƙar imel, yana tambayarsa ko ya san ba ta aiki.

Wannan ɗabi'a ta shafi manomin masara na Doguwa ko Tudun Wada. A kasuwar Kwanar Dangora mai saye yakan tsoma hannu cikin buhu, ya ciji ƙwaya, ya ji bushewarta. Wanda ya taya ta intanet kuwa hoto kaɗai ya gani, kuma hoto ba ya nuna damshi.

Masarar da damshinta ya wuce kashi 13 cikin ɗari takan yi fumfuna a ajiya. Wani nau'in fumfunar, Aspergillus flavus, yana fitar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kawar da ita. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya.

Saboda haka, da zarar ciniki ya faɗa, mai kaya ya rubuta wa mai saye watan girbi, yadda aka shanya, ma'aunin damshi, maganin ƙwarin da aka zuba da ranarsa, sannan nauyin buhu da ranar lodi. Ya kuma adana amsar, domin ita ce shaidarsa ranar jayayya.