Masu Ishiriniyya: waƙa mai shekara fiye da 800

Ya kai mai karatu, ka tuna daren Mauludi a garinku? Ko a Madawa kake, ko Buza, ko Keita, mai yiwuwa ka taɓa jin muryoyi na tashi daga zauren malam. Mutum ɗaya ya ja baiti, saura su amsa gaba ɗaya. Haka za a yi ta yi har dare ya raba. Waɗannan su ne masu Ishiriniyya. To, ka san inda waƙar nan ta fito? Yau shi za mu koya.

Wanda ya tsara ta sunansa Abdurrahman Alfazazi. Malami ne, kuma marubuci. Ya yi ta da Larabci a birnin Ƙurɗuba, cikin ƙasar Andalus, wadda yau take cikin Sipaniya. Shekarar ita ce 604 ta Hijira, wato wajen 1207. Shi kuwa ya rasu a 1230. Ka lissafa da kanka: waƙar ta haura shekara 800.

Waƙar yabon Annabi Muhammadu ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Me ya sa ake ce mata Ishiriniyya? Dubi sunan da kyau, za ka ji "ashirin" a ciki. Alfazazi ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya. Kowane harafi ya ba shi baiti 20.

Daga baya wani malami, Ibn Mahib, ya yi mata ƙari. Kowane baiti yana da ɗango 2. Sai ya sa ɗango 3 a gabansu, suka zama 5. Wannan shi ake kira tahamisi. Da wannan ƙarin ne aka fi rera ta a ƙasar Hausa.

Yaya ta iso mu? Ta hanyar Sahara. Fatake da malamai da alhazai suna ɗauko littattafai tare da kayansu a kan raƙuma. Malamai suka yi ta kwafe ta da hannu, da tawada da alƙalami. A Katsina, Malam Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta littafin da ke bayanin kalmominta. Ka ga ke nan ta riga Shehu Usman ɗan Fodiyo zuwa ƙasar nan, don shi an haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi.

Rera ta aikin jama'a ne. Akwai mai ja, akwai ƴan amshi. Mai ja sai ya san baitocin, ya san inda zai ɗaga murya da inda zai sauke. Ƴan amshi kuwa sai su kasa kunne. In ɗaya ya riga saura, ko ya makara, daɗin ya tafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Murya ɗaya ma ba ta cika zaure.

A ƙasashen Turai ma akwai ƙungiyoyin da aikinsu shi ne rera tsofaffin waƙoƙin coci, da murya zalla. Amma akwai bambanci tsakaninmu da su. Wajen shekarar 1025, wani malamin coci a Italiya, mai suna Gido, ya gyara hanyar rubuta karin waƙa da alamomi a kan layuka. Don haka mawaƙinsu na yau yana iya buɗe tsohon littafi, ya ga inda murya take hawa da inda take sauka.

Mu fa? Kalmomin Ishiriniyya suna cikin littafi. Amma karin da ake rera ta da shi ba a rubuce yake ba. Yana bakin dattawa. Ɗalibi yana ɗaukarsa da kunne daga malaminsa. Shi ya sa za ka ji karin wannan zaure ya bambanta da na wancan.

A nan matsalar take. Da an gama girbi, samarin Adar da yawa sai su tafi cin rani, wasu Nijeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Dattijo ya zauna, babu mai ɗauka daga bakinsa. Ran da Allah ya karɓi abinsa, littafin yana nan a gafaka, amma karin ya bi shi kabari.

Kai da ka iya rubutu yanzu, kana da abin yi. Ɗauki littafin rubutunka, ka je wurin mai ja na garinku. Ka gaishe shi da ladabi. Ka tambaye shi: "Malam, wurin wa kuka koyi karin nan? Shi kuma wurin wa ya koya?" Ka rubuta sunayen da garuruwansu. In ya yarda, ka ɗauki muryarsa da salula. Sannan ka kai ɗanka ko ƙanenka, ya zauna cikin ƴan amshi. Da haka ake koyo.

Tambayoyi

1. Wa ya tsara Ishiriniyya, kuma a wane birni?
2. Me ya sa aka ba ta wannan suna?
3. Mene ne tahamisi?
4. Wa ke jan baiti a garinku? Rubuta sunansa da na malaminsa.