Ki Rubuta, 'Yata

'Yata, zo ki zauna. Na ji kina cewa kuɗi ba su da auki yanzu, kuma gaskiyarki ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai ya tashi, daga kwanon shinkafa har kuɗin adaidaita. Amma ba duka tsada ke cinyewa ba. Wasu a hannunmu suke zurarewa, ba mu ankara ba.

Ki samu ɗan littafi, ko irin na 'yan makaranta ya isa. Shafi ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da ya fita. Ki rubuta a ranar, kafin ki kwanta, don gobe kin manta.

Kuɗin haya da na makaranta kowa na tuna su. Ƙananan nan ne ba a ji: katin waya, data, cajin mai POS, ɗari biyun da yaro ya karɓa na alewa, ankon bikin ƙawa. Ai da yayyafi kogi kan cika. Ƙarshen wata ki haɗa su, sai kin riƙe baki.

Sai 'yar sana'ar nan taki. Uwar kuɗi daban, riba daban. In kika zuba su jaka ɗaya, cefane zai riƙa cin jari a hankali. Wata rana ki je saro kaya, ki tarar kuɗin ko rabi bai kai ba. Daga nan sai a fara zargin yaran gida, wani lokacin har a ce sammu ne, alhali lissafi ne ba a yi ba.

Bashi kuwa, ko na 'yar'uwarki ne, ki rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Mantuwa ta raba zumunci da yawa, kowa na rantsuwa kuma kowa da gaskiyarsa a ransa. Haka zubin adashi, ki sa ranar zubi da ranar ɗauka.

In Allah ya buɗa miki, dukiya ta kai nisabi ta kuma shekara, littafin nan zai nuna miki zakkar da ke kanki, kashi ɗaya cikin 40, ba kame-kame.

In kin tsallake kwana biyu, ba komai, ki ci gaba daga inda kika tuna. Ki fara yau da daddare. Allah ya sa wa nemanki albarka.